Ƙusoshin Bayan Ƙofar Gwaggo

Ranar da takardar ta iso, Gwaggo ta karanta ta sau uku a tsaye, ta ninke ta, ta danne da kwalbar auduga, sannan ta juya ga yaron da ke zaune a kan benci ta ce, "Buɗe baki." Yaron kuwa ƙafa ya zo da ita, ƙusa ta soke shi. Iya mai shara ta ce tun daga nan ta san akwai magana.

Takardar daga ofishin ilimi na yanki take. Makarantu tara ke da ɗakin shan magani a ƙarƙashin ofishin, ofis kuma ya ce shida kaɗai zai iya riƙewa. Za a turo mai dubawa ta zaga, ta ba kowane ɗaki maki, ukun ƙarshe a sa musu kwaɗo. Makarantar da aka rufe wa ɗaki, yaranta su riƙa zuwa wadda ke kusa. Wadda ke kusa da ta Gwaggo sai an tsallaka babban titi an ratsa kasuwa, tafiyar rabin awa ga mai lafiyar ƙafa, balle yaron da numfashi ya sarƙe wa.

Gwaggo ƙanwar babana ce, nas ce, shekararta ashirin da uku a ɗakin nan. A babban asibiti ta fara, ɓangaren yara. Da ta haifi na biyu ta nemi makaranta saboda kusa da gida, da niyyar shekara biyu ta koma. Mijinta ya rasu, 'ya'yan suka girma suka kama gabansu, ita tana nan. Sau biyu asibiti na kiranta ta koma. Ta ce, "Can sai yaro ya faɗi ake kawo mini shi. Nan tun yana tangaɗi nake ganinsa." Yara na kiranta Anti Buɗe-Baki, a bayan idonta dai. Ni ma a nan na yi ɗan abin da na yi na karatu, kuma in za a bi gaskiya na fi sanin silin ɗakinta fiye da allon ajinmu, don duk ranar lissafi cikina kan murɗa. Ta san ciwon sarai. Maganinsa kofin ruwan ɗumi da rakiya har bakin aji, tana riƙe da kunnena.

Ɗakin ba abin a zo a gani ba ne. Taga ɗaya, gado mai ƙafa uku da bulo a madadin ta huɗu, da sikelin da ke yi wa kowa kyautar kilo biyu, sai ta cire a ka. Dukiyar ɗakin tana bayan ƙofa. Ƙusoshi goma sha bakwai ne a jere can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, kowace da 'yar jakar yadi da ta ɗinka da kanta. Kowace jaka ta yaro ɗaya ce mai ciwon da ba ya sallama kafin ya shigo: masu sikila, masu farfaɗiya, masu fuka, da yarinya guda mai ciwon suga. Iyaye ke kawo maganin farkon zango. Ba ta rubuta suna a waje, don kada yara su sami abin tsokana. Launin zaren bakin jaka shi ne aji, ƙullin da ke jikinsa shi ne yaron. Ko ido rufe ta miƙa hannu, wadda take so za ta ciro.

Dalilin ƙusoshin kuwa, a shekararta ta farko wani yaro ya faɗi yana shure-shure, maganinsa na cikin kabad, makullin kabad na aljihun hedimastan lokacin, shi kuma ya tafi taro. Yaron ya tashi, amma Gwaggo ba ta manta ba. Washegari ta zo da guduma daga gida.

Hedimastan yanzu ba mugu ba ne, matsoraci ne kawai. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya, kuma in ka ce masa "ofis" sai ya gyara wuyan riga. Su hedimastocin yankin suna da wata dabara da suka daɗe a kai. Wannan na da sikeli mai kyau, wancan na da farin kabad mai gilashi, wani na da gadon ƙarfe. Babu mai duka ukun. To duk lokacin da za a zo dubawa sai kayan su riga mai dubawa isa kowace makaranta, tana fita ta gaba ana fitar da su ta baya. Sikelin nan ya fi direban ofis sanin hanya. Ko yanzu da suke takara da juna ba su fasa ba, tunda wanda ya hana sikeli ba zai ga gado ba.

Ana gobe za a zo, Hedimasta ya aiki Gwaggo ofis karɓo sabuwar rajista, aka shanya ta a benci har aka tashi. Shi kuma ya kawo mai fenti.

Ni ban je wurin ba. Abin da zan faɗa daga bakin Gwaggo na ji rabi, da ƙyar, sauran daga Iya mai shara, wadda sai ka rage gishiri.

Da safe tun daga baranda warin fenti ya tari Gwaggo. Ɗaki ya yi fari fat, gadon ƙarfe da sabon zanin gado, sikeli na ƙyalli, kabad cike da kwalayen magani a jere kamar sojoji. Ta ɗaga kwali ɗaya, ba nauyi. Ta ɗaga na biyu, haka. Sannan ta tura ƙofa ta duba bayanta. Babu ƙusa ko ɗaya, an cike ramukan an shafe.

Ta sami Hedimasta a bakin ofishinsa yana goge takalmi da hankici.

"Ranka ya daɗe, ina jakunkunana?"

"Sista, kin ga ɗakinki kuwa? Kamar na amarya."

"Jakunkunan nake tambaya."

"Suna sito, cikin buhu, babu abin da ya same su. Kin san dokar ofis, magani a kabad yake zama, a kulle. Ta zo ta ga tsummokara rataye a bayan ƙofa, ai mun faɗi tun ba ta zauna ba."

"A ba ni makullin sito."

"Yana wurin Baba Maigadi."

"Ina Baban?"

"Na aike shi ya nemo motar da za ta kai kayan nan makaranta ta gaba, da azahar za a duba su. Awa ɗaya ce, Sista. Na kuma faɗa wa malamai, yau ba a rashin lafiya a makarantar nan. Kada a turo miki kowa. Ta ga ɗaki tsaf, ta san yaranmu garau suke."

Gwaggo ta buɗe baki za ta yi magana, ita da ta saba sa wasu su buɗe, sai ga farar mota ta shigo ƙofar makaranta.

Mai dubawar doguwar mace ce mai tabarau, ba ta dariya a bakin aiki. Hedimastoci sun sa mata Jar Biro, don da shi take rubutu, kuma wanda ta yi wa layi biyu da shi ba ya cin abincin rana. Ta gaisa a taƙaice, ta ƙi lemon da aka kawo, ta ce a kai ta ɗaki.

A bakin ɗakin Gwaggo ta ga wata yarinya a tsaye. Hedimasta ya shirya yarinyar da za a yi gwaji da ita, a auna ta a sikeli, a kwantar da ita a gado, mai dubawa ta ga yadda ake aiki. Ya zaɓo wadda ta fi kowa tsafta da iya gaisuwa, ta ɗaya a aji huɗu. 'Yar shekara tara ce, siririya, yara na kiranta Sarewa saboda yadda ƙirjinta ke fito in fuka ta tashi mata. Jakarta ce mai koren zare da ƙulli biyu. Hayaƙi, turare, ƙurar alli, duk ba ta shiri da su, balle ɗanyen fenti. Hedimasta bai sani ba, shi maki ya sani.

Nan ne wurin da Gwaggo ba ta son a zo a labarin. Ta san abin da ya kamata ta ce: a fitar da yarinyar nan. Amma in ta faɗa, za a tambayi dalili. In ta faɗi dalili, za a tambayi ina maganin yarinyar. Daga nan kabad, daga kabad sai sito, daga sito sai kwaɗo a ƙofar ɗakin da ta yi shekara ashirin da uku a ciki, yara goma sha bakwai kuma su koma tsallaka titi. Ta ce a ranta minti biyar ne, a auna ta a sallame ta. Ta buɗe taga iyakar buɗuwarta, ta ja bakinta ta yi shiru.

Jar Biro ba mai sauri ba ce. Ta zauna, ta buɗe fayil, ta soma bin layi ɗaya bayan ɗaya. Ruwan wanke hannu? Akwai. Kwandon shara mai murfi? Akwai. Ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin sikeli, ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago.

"Sista, yara nawa kike gani a rana?"

"Ashirin da biyar, talatin, ranki ya daɗe."

Ta duba agogo, ta dubi bencin da babu kowa a kai. "Ƙarfe goma saura. Ina suke?"

Hedimasta ya yi caraf. "Ai yaranmu lafiyayyu ne, ranki ya daɗe. Wani lokacin sai a wuni ba a ga ko mai mura ba."

"To," in ji ta, biro na tafiya. "Makarantar da ba a ciwo, me za ta yi da ɗakin magani?"

Iya ta ce ta ga gumi ya tsattsafo wa Hedimasta har a kan hanci. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Gwaggo ba ta ma jin su sosai. Kunnenta na kan gado, inda Sarewa ke zaune da hannaye a kan cinya kamar yadda aka koya mata. Tari na farko ƙarami ne, yarinyar ta danne shi da tafin hannu don kada ta ɓata shiri. Na biyu ya fi tsawo. Sai Gwaggo ta ga kafaɗunta sun fara ɗagawa da kowane numfashi, ramin wuyanta na lotsawa ciki.

"'Yata, tashi mu fita."

"Sista, ba a auna ta ba," in ji Hedimasta.

Ba ta ko kalle shi ba. Ta sunkuci yarinyar ta fitar da ita baranda, ta zaunar da ita a miƙe, ta ɗan karkato ta gaba, ta kwance maɓallin wuyanta. Fiton ya fito fili yanzu, siriri, har daga ƙofar aji ana ji.

"Anti... ba ya... shiga."

"Zai shiga. Kalle ni. A hankali."

Jar Biro ta biyo su. "Fuka ce? Na ga abin shaƙa a kabad, layi na biyu. Hedimasta, ɗauko."

Hedimasta ya tsaya kamar an dasa shi. Gwaggo ta ce a lokacin ta ji kamar an ɗora mata ɗakin gaba ɗaya a ka, da gadonsa da fentinsa. Ta ɗago ta dubi matar ido cikin ido.

"Kwali ne, ranki ya daɗe. Babu komai a ciki. Duk kabad ɗin haka yake, na aro ne, da gadon da sikelin. Maganin yarinyar nan na cikin sito, a kulle."

"Makulli fa?"

Hedimasta ya zaro waya ya kira Baba Maigadi. Suka ji ƙarar wayar daga ɗakin gadi, inda Baba ya bar ta a caji.

"Riƙe min ita," Gwaggo ta ce wa Jar Biro, ba ranki ya daɗe ba komai. "A zaune, kada ki bari ta kwanta. Ki riƙa yi mata magana."

Matar ta ajiye fayil a ƙasa ta durƙusa.

Gwaggo tana da ciwon gwiwa, hawa matakala uku sai ta huta. Iya ta rantse ranar ba ta ga ƙafarta na taɓa ƙasa ba. A gindin bishiyar tsakar makaranta akwai tsohon ƙarfen taya da ake bugawa a matsayin ƙararrawa, da sandar ƙarfen da ake bugunsa da ita. Ta fizgi sandar ta nufi sito. Kwaɗon sabo ne, Hedimasta ya saya jiya-jiya. Bugu na farko ya zame. Na biyu ya zame ya ɗauke mata fatar yatsa.

"Sista, kayan gwamnati ne!" in ji Hedimasta daga baya.

"Yarinyar ma ta gwamnati ce, matsa!"

Ta bar kwaɗon ta zura sandar a bayan marikin ƙofar, ta sa ƙafa a bango, Iya ta kama ƙarshen sandar suka ja tare. Katakon ya yi ƙara ya tsage. Ajujuwa duk an leƙo ta taga.

Ciki ga gadonta mai ƙafa uku, ga tsohon sikeli, ga bulon ma an adana. Buhun na can ƙarƙashin karyayyun kujeru. Ta zazzage shi a ƙasa, jakunkuna goma sha bakwai suka tarwatse, duk yadi iri ɗaya, sito kuma ba fitila. A bayan ƙofa ta san mazaunin kowace. A nan sai da ta bi su da yatsa. Kore mai ƙulli ɗaya, ba ita ba, ta mai farfaɗiya ce. Ja. Shuɗi. Kore, ƙulli biyu.

Da ta dawo leɓen Sarewa ya fara sauya launi, fiton ma ya ragu, kuma Gwaggo ta san raguwar nan ba sauƙi ba ce, iskar ce ta kusa daina wucewa. Jar Biro na riƙe da ita tana cewa, "Ga ta nan, ga ta nan," tabarau ya zamo har kan hanci.

A cikin jakar akwai abin shaƙa da wata 'yar gorar roba da Gwaggo ta huda wa gindi daidai bakinsa, don yaron da ke haki ba ya iya haɗa fesawa da jan numfashi lokaci guda. Ta girgiza, ta zura, ta sa bakin gorar a bakin yarinyar, ta fesa.

"Ja. Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu. Yauwa, 'yar albarka. Kuma."

Ta sake fesawa. Ta sake. Makaranta mai yara ɗari bakwai ta yi tsit, ba ka jin komai sai ƙirgen Gwaggo. Jar Biro na kallon agogo tana ƙirga numfashi. A fesawa ta shida kafaɗun suka fara sauka. Can Sarewa ta yi wani dogon tari, ta ja iska har ciki, ta fashe da kuka.

"Yi kukanki," in ji Gwaggo. "Mai kuka ai ya sami iska."

Aka kira uwar yarinyar, Jar Biro ta ba da motarta da direba aka wuce da su asibiti a ƙara dubawa. Saboda haka ita ma ba ta da yadda za ta tafi. Ta ɗauki fayil ɗinta ta kakkaɓe, ta dubi Hedimasta.

"Sikelin nan, ranar Litinin na ɗiga masa jan biro a ƙasa. Yau makaranta ta huɗu ke nan da muke gaisawa da shi. Je ka faɗa wa malamanka an ɗage dokar, a ci gaba da rashin lafiya."

Kafin minti goma benci ya cika a baranda, tunda ɗaki ba ya shiguwa. Mai zazzaɓin da tun safe yake kife a kan tebur, mai ciwon ido, mai gyambo, da mai suga da lokacin gwajinta ya wuce da awa guda. Gwaggo ta ɗaure yatsanta ta hau aiki. Jar Biro ta zauna a gefe tana yin ɗan layi a takarda duk wanda ya zo, har aka tashi. Ta sa Gwaggo ta jera jakunkunan ta faɗi mai kowace da ciwonsa da lambar uwarsa, ba ta duba takarda ba. Da ta gama sai matar ta ce, "Ke kin san yarinyar na da fuka tun da kika gan ta a bakin ƙofa."

"Na sani."

"Kika yi shiru."

"Na yi."

Biro ya yi tafiya mai tsawo. Ana cikin haka Baba Maigadi ya iso da motar ɗaukar kaya yana murna ya samo mai arha, ya tarar da ƙofar sito a ƙasa.

Sati uku Gwaggo ba ta da labari. Ta rame. In na je gaishe ta na yi barkwancina, sai ta dube ni kamar ranar lissafi. Babana ya ce ta kwantar da hankali, ko an rufe ai ba za a kore ta ba, asibiti za a mai da ita. Ta ce, "Yaya, ni nake ji? Wa zai tsallaka da mai farfaɗiya titin nan?"

Takarda ta zo ranar wata Laraba, shafi biyu. Kayan aiki, sifili. Ajiyar magani, sifili, da layi biyu a ƙarƙashi. Yawan masu zuwa, talatin da ɗaya a yini guda, maki cikakke. Sanin yaran, cikakke. Da aka tara, ɗakin Gwaggo ya zo na shida cikin tara, da tazarar maki ɗaya tsakaninsa da kwaɗo. Shafi na biyu gargaɗi ne gare ta da sunanta, kan barin yarinya mai fuka a ɗakin fenti. Na Hedimasta ya fi nata tsawo, har yau bai nuna wa kowa ba. An kuma sharɗanta a yi wa jakunkunan akwati mai makulli biyu, ɗaya a wuyanta, ɗaya a wuyan Iya, kada ko ɗaya ya kwana a aljihun namiji mai zuwa taro. Wannan na ƙarshen Iya ce ta ƙara.

Makarantar tsallaken titi na cikin ukun da aka rufe, masu sikelin nan na aro ke nan. Yaransu masu jaka goma sha ɗaya ne, yanzu su ke ratsa kasuwa su zo wurinta. Ta sa an ba ta lambar malamin kowane aji a can, kuma tana ta jan ofis a kan a bar maganinsu kusa da su.

Na same ta ran Asabar a ɗakin, kafinta ya kafa akwatin a bayan ƙofa, ita kuma tana buga ƙusoshi a cikinsa da tsohuwar gudumarta. Gado mai ƙafa uku ya dawo mazauninsa, da bulonsa. Takardar gargaɗin na manne a bango daidai inda take zama.

Na ce, "Gwaggo, mutane shaidar yabo suke mannawa. Ko in samo miki firam?"

"Bar ta nan. Gaskiya ta faɗa."

"To ai kin ci. Na shida ma ci ne, ni ban taɓa kaiwa nan ba."

Ta cire ƙusa daga bakinta ta saita. "Ka san tari nawa yarinyar nan ta yi kafin in tashi? Biyu. Ina ji." Ta buga, ta ɗauko jaka mai koren zare da ƙulli biyu ta rataya a ƙusar farko, ta ja ta ta ga ta zauna daram. Sannan ta juyo ta ƙare mini kallo.

"Kai kuma idonka ya yi ja. Zo nan. Buɗe baki."